Kundin Aiki: Faifan Gas na Taurarin da Ba a San Shekarunsu Ba

14 ga Janairu, 2025

Yau na buɗe wannan kundi domin in riƙa rubuta inda aiki ya kwana, kada bayan wata shida in manta dalilin da ya sa na bi wata hanya na bar wata.

Aikin a kan wasu taurari ne masu tsananin zafi, 'yan ajin B, waɗanda zafin fuskarsu ke tsakanin digiri 10,000 da 30,000 a ma'aunin Kelbin. Taurari masu zafi haka suna da yawa. Abin da ya ware waɗannan shi ne kowannensu na zaune a tsakiyar wani faifai na gas da ƙura, kuma cikin faifan akwai abubuwan da bai kamata su tsira kusa da wuta irin wannan ba: atam da ba su rasa ilektiron ɗinsu ba, molekul na kabon monoksaid, har da ƙura mai ɗumi. Ana kiran su B[e]. Peter Conti ne ya kawo sunan a 1976, shekarar da David Allen da Jean-Pierre Swings suka fitar da nazarinsu kan taurarin B masu ƙarin haske a ɓangaren infared, wato hasken da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani.

A 1998 Henny Lamers da abokan aikinsa suka kasa su gida biyar: manyan ƙattai da suka fara tsufa, jarirai da ba su gama haɗuwa ba, ƙananan taurari da ke dab da mutuwa cikin gajimarensu, tagwaye masu zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, sai gida na biyar wanda aka zuba duk wanda aka rasa inda za a kai shi. 'Yan gida na biyar su ne suka hana ni barci. Tambayar da nake yi wa kowannensu guda ɗaya ce: wannan faifai ragowar gajimaren da ya haife ka ne, ko kuwa jikinka ne ka fara zubarwa? Idan na farko ne, tauraron jariri ne. Idan na biyu ne, ya ci rabin rayuwarsa ko fiye.

21 ga Janairu

Na tsayar da taurari huɗu. Biyu domin gwada kayan aiki, tunda wasu sun riga sun auna su: MWC 137 a rukunin Oriyon, da MWC 349A a rukunin Siginas. Biyu kuma su ne ainihin ciwon kan: HD 50138 da HD 45677. Wannan na ƙarshe shi ne FS CMa, wanda Anatoly Miroshnichenko ya ari sunansa a 2007 ya laƙaba wa wani rukuni da ya tsamo daga gida na biyar.

Ba ni da lokacin kallo a kan wani babban madubin hangen nesa a bana, don haka daga rumbunan ajiya zan ci. Na sauke bakan haske, wato hasken tauraro da aka baje bisa launukansa: na ido daga na'urar FEROS da ke La Silla a Chile, na infared kuma daga rumbun madubin hangen nesa na Gemini. Kwana biyu na yi ina jera su bisa ranar da aka ɗauka.

3 ga Fabrairu

Mako biyu ke nan ina tare da haramtattun layuka, kuma ina so in rubuta abin da na fahimta da kalmomina tun yana da ɗumi.

Layi shi ne wani siririn wuri a bakan haske inda wani irin atam ke fitar da haskensa. Baka mai kusurwa da ta rungume harafin e a sunan B[e] alamar waɗannan haramtattun layuka ce. Ba wai dokar halitta ta hana su ba. Atam ɗin ne ke daɗewa kafin ya saki hasken. Layin oksijin mai tsawon zango nanomita 630.0, alal misali, atam kan jira kusan daƙiƙa 110 kafin ya fitar da shi. A gas mai cunkoso, kafin lokacin ya cika wani ya buge shi ya ƙwace ƙarfin. Don haka ganin layin na nufin akwai gas mai yawa amma a sake, inda atam ke samun sararin jira. Ɗan'uwansa na nanomita 557.7 bai kai daƙiƙa ɗaya yana jira ba, shi ya sa yake iya fitowa daga wuri mafi cunkoso. Layukan kalsiyam na 729.1 da 732.4 su ma 'yan cunkoso ne. Kowane layi ke nan yana ba da labarin unguwarsa a cikin faifan.

Abin da ya fi burge ni game da oksijin: ƙarfin da ake bukata a fizge masa ilektiron kusan daidai yake da na haidurojin, 13.6 a ma'aunin ilektiron-bolt. Ashe duk inda aka ga oksijin da ilektiron ɗinsa cikakku, haidurojin na wurin ma haka yake. Kusa da tauraro mai digiri 20,000 wannan ba zai yiwu ba sai idan gas ɗin ya yi kaurin da gefensa na ciki zai tare wa na baya hasken, kamar yadda mutum na gaba ke yi wa na bayansa inuwa. Wannan inuwar ce ke raya duk sauran abubuwan da nake nema.

Layukan da yawa suna da ƙahoni biyu. Dalilin shi ne juyawa: gefen faifan da ke tahowa wajenmu haskensa na karkata zuwa shuɗi, gefen da ke tafiya yana karkata zuwa ja. Rabin tazarar ƙahonin ita ce saurin juyin, gwargwadon yadda faifan ya kishingiɗa a gabanmu. Idan juyin irin na Kepler ne, kamar na duniyoyi a kewayen rana, lissafin mai sauƙi ne. Ga tauraro mai nauyin rana goma, gas da ke nesa da shi kamar nisanmu da rana zai yi gudun kilomita 94 a daƙiƙa. A ninki huɗu na wannan nisa, 47. A ninki tara, kusan 31. FEROS na iya bambance gudu har zuwa kimanin kilomita 6 a daƙiƙa, saboda haka tana da kaifin da ya ishe ni.

11 ga Fabrairu

Jiya na ga ƙahoni uku a layin 630.0 na ɗaya daga cikin taurarin. Zuciyata ta buga, na fara zana zobe na biyu a takarda. Da safe na duba da kyau, sai na ga ƙahon tsakiyar siriri ne ƙwarai, kuma daga dare zuwa dare ba ya tafiya tare da sauran biyun.

Na samanmu ne. Oksijin da ke saman iskar duniya yana fitar da wannan layi a kowane dare, shi ne ma jan hasken da ake gani a sararin yankunan ƙanƙara na arewa da kudu. Ba a cire shi da kyau ba a wasu hotunan. Na koma na cire shi da hannu a duk inda ya bayyana. Daga yau, duk wani siririn ƙaho da na gani, sai na fara tuhumar sama kafin in tuhumi tauraro.

26 ga Fabrairu

Wani kuskuren. Hotunan wata shida baya da na gaba sun nuna kamar dukan layukan HD 45677 suna kai-komo, na fara zargin yana da abokin zama a ɓoye. Ashe wasu fayilolin an riga an gyara musu gudun duniya a kewayen rana, wanda ya kai kusan kilomita 30 a daƙiƙa, ni kuma na sake gyarawa a kan gyara. Kwana huɗu suka tafi. Na sa manhajar ta riƙa karanta kan kowane fayil kafin ta taɓa shi.

17 ga Maris

Na gama auna ƙahoni, na zauna da sakamakon, sai na ga abin da ya kamata in gani tun farko: siffar faifan ba za ta gaya mini shekarun tauraro ba. Jariri na da faifai mai juyi irin na Kepler. Tsoho ma yana da shi. Dukansu suna fitar da jan layin haidurojin na 656.3 da ƙarfi, dukansu suna da ƙura mai zafin da ya kusa digiri 1,500 a bakin ciki, inda ta fara narkewa. Kama da wane ba wane ba ne, amma a nan kamar ta yi yawa.

Na koma ga tsofaffin hanyoyin rarrabewa. George Herbig a 1960 ya ce a nemi jarirai a inda duhun ƙura yake, suna haskaka gajimaren da ke kusa da su. To, MWC 137 na zaune a cikin gajimare mai suna Sh 2-266, kuma an daɗe ana lissafa shi cikin jariran Herbig. Amma tsohon tauraro ma na iya yin nasa gajimaren da abin da ya zubar. Gajimare shaida ne da ke iya tsayawa wa kowane ɓangare.

Ƙura ta fi taimakawa. Jariri na da ƙura mai sanyi can nesa, ragowar mahaifarsa, wadda ke haskawa a dogon zangon infared. 'Yan rukunin FS CMa kuwa haskensu na faɗuwa da sauri idan aka wuce tsakiyar infared. Ƙurar tasu ta kusa ce, mai ɗumi, kamar wadda ba ta daɗe da samuwa ba. HD 50138 haka yake, kuma ba ya cikin wani wuri da ake haihuwar taurari. Wannan na jan hankalina zuwa ga cewa ba jariri ba ne. Sai dai jan hankali daban, hujja daban.

Sai maganar nisa. Idan ka san nisan tauraro ka san ainihin haskensa, daga nan ka san ko ƙato ne. Shi ya sa 'yan B[e] na Babban Gajimaren Majelan, wani ƙaramin galaksi maƙwabcin namu mai nisan shekarun haske kusan 163,000, ba su da wannan rigima: nisansu ɗaya ne, sananne. A can ne Franz-Josef Zickgraf da abokansa suka yi nazarin tauraron R126 a 1985 suka kawo hoton da har yanzu ake aiki da shi, na iska mai sauri daga saman tauraro da ƙasansa, da gas mai kauri mai tafiyar hawainiya a ƙugunsa. A galaksinmu kuwa kowa da nisansa. Bayanan 2022 na Gaia, kumbon da ya auna nisan taurari, sun warware wa na kusa, irin su HD 50138 mai nisan shekarun haske dubu da 'yan kai. Amma ga mai nisan shekarun haske 16,000, kusurwar da ake aunawa don gano nisan ba ta wuce kashi 0.2 cikin dubu na daƙiƙar kusurwa ba, kuma sanannen karkacewar ma'aunin Gaia, kimanin 0.017, ya kai kusan kashi 8 cikin ɗari na wannan. A lissafin haske wannan kuskure ninki biyu yake zama. Ga ƙurar hanya kuma: hasken MWC 349A na raguwa sau dubbai kafin ya iso gare mu.

8 ga Afrilu

Na koma infared, kuma a nan ne nake jin aikin ya fara numfashi.

A zangon maikiron 2.3, kabon monoksaid mai zafi na fitar da layuka ɗaruruwa da ke taruwa su yi wani tudu mai kaifin baki. Tudun farko na maikiron 2.2935 ne, na biyu 2.3227, na uku 2.3525, na huɗu 2.3829. Molekul ɗin ba ya jure zafin da ya wuce digiri 5,000, kuma ba ya yin wannan haske sosai sai ya kai wajen 2,000. Don haka yana nuna wani siririn zobe, tsakanin gas mai zafi na ciki da ƙura ta waje. Idan zoben na juyawa, tudun farko kan yi kafaɗa ta ɓangaren shuɗi da tsini ta ɓangaren ja. Duk wanda ya taɓa ganin wannan kafaɗa a hoto mai kaifi ba ya mance ta.

Amma ba saurin juyi ne ya kawo ni nan ba. Kabon iri biyu ne a cikin wannan gas: kabon-12 da ɗan'uwansa mai ƙarin nauyi kaɗan, kabon-13. Molekul mai ɗauke da mai nauyin yana girgiza a hankali, sai tudunsa ya matsa gefe, zuwa maikiron 2.3448 da 2.3739. A tsarin rana, duk kabon-12 guda 89 akwai kabon-13 guda ɗaya. Gajimaren da ke haifar taurari ma yawancinsu haka suke, kabon-13 ɗan kaɗan ne. Faifan jariri daga irin wannan gajimare yake, don haka tudun kabon-13 nasa da ƙyar a gan shi.

A cikin tauraro mai nauyi kuwa labari ya sauya. Yana ƙona haidurojin ne ta hanyar zagayen da kabon, naiturojin da oksijin ke yi wa hidima. Kabon-12 ya kama furoton ya zama naiturojin-13, shi kuma ya rikiɗe ya zama kabon-13. Idan zagayen ya daidaita, rabon na sauka daga 89 zuwa kusan 4. Juyin tauraro a kan kansa na cakuɗa cikinsa, a hankali wannan kabon-13 ya hauro fuska, iskar tauraron ta kwashe shi ta zuba a faifai. Idan tauraron ya taɓa kumbura ya zama jan ƙato, cakuɗawar ta fi zurfi, rabon ya ƙara sauka. Michaela Kraus ce ta nuna a 2009 cewa ana iya amfani da wannan a rarrabe jariri da tsoho.

Abin da ya taɓa ni a wannan hanya shi ne ba siffa take tambaya ba. Tana tambayar gas ɗin ne kai tsaye: ka taɓa shiga cikin tauraro? Wanda ya taɓa shiga yana ɗauke da tabon wutar a jikinsa, kuma babu yadda zai ɓoye shi.

30 ga Afrilu

Makonni uku na share hanya. Layukan haidurojin na jerin Pfund suna bi ta kan tudun kabon monoksaid tun daga maikiron 2.28, sai an lissafa su an cire. Ruwa da methen na iskar duniya suna cin wannan zango sosai, daidai inda tudun kabon-13 yake. A MWC 349A layukan Pfund sun fi ƙarfin abin da nake nema nesa ba kusa ba. Ba abin mamaki ba ne ga tauraron da aka gano a 1989 cewa haidurojinsa na yin haske irin na meza, wato yana ninka kansa kamar leza.

19 ga Mayu

Wannan shafi ya kamata in riƙa komawa gare shi.

Samfurin lissafina na farko ya ba ni rabon kabon ƙasa ƙwarai a MWC 137, ƙasa da abin da aka wallafa. Na kai wa malamina da murna, na ce, "Malam, ku duba, kamar ya fi yadda aka zata tsufa."

Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Kaurin gas ɗin nawa ka ɗauka?"

Na ce na ɗauka siriri ne, haske na ratsa shi.

Ya ce, "To je ka ka bar shi ya yi kauri, ka dawo mu gani."

Gaskiyarsa ce. A irin waɗannan zobba, molekul ɗin da ke kan layin gani sun kai 10 mai sifili 21 ko 22 a kowane murabba'in santimita. A wannan kauri, layukan kabon-12 sun ƙoshi: ko an ƙara musu gas ba sa ƙara haske, domin na gaba na haɗiye hasken na baya. Na kabon-13 kuwa, da yake kaɗan ne, bai ƙoshi ba, yana ci gaba da girma. Wanda bai lissafa wannan ba zai ga tudun kabon-13 ya yi tsawo kusa da ɗan'uwansa, ya ce tauraron tsoho ne, alhali kauri ne ya ruɗe shi. Da a kan jariri na yi wannan kuskure, da na ɗora masa furfurar da ba tasa ba.

Maganin shi ne a daidaita abubuwa huɗu tare: zafi, kauri, saurin juyi, da rabon kabon. Tsayin tudu na biyu da na uku da na huɗu idan aka gwada da na farko shi ke kama zafi da kauri. Sai an ɗaure waɗannan sannan a saurari abin da kabon-13 zai ce. Na sake rubuta manhajar daga tushe.

12 ga Yuni

Alhamdulillahi. Sabon samfurin ya sauka kusa da 25, adadin da María Florencia Muratore da abokan aikinta suka wallafa wa MWC 137 a 2015. Ga MWC 349A ban kai ga tsabtar da nake so ba saboda layukan Pfund, amma tudun kabon-13 a fili yake, kuma bai saɓa wa rabon kusan 4 da Kraus da abokanta suka samu a 2020 ba. Kayan aikin sun ci jarrabawa.

Wani tunani ya dame ni kwana biyu. Rabon kabon na gajimare ba ɗaya ba ne a ko'ina cikin galaksinmu. Wajen tsakiya, inda taurari suka daɗe suna rayuwa suna mutuwa, yakan sauka har wajen 25. Idan haka ne, ashe jariri da aka haifa a can zai iya fitowa da 25 ba tare da ya ƙona komai ba. Na duba inda MWC 137 yake. Yana ɓangaren da ya juya wa tsakiyar baya ne, can wajen gefe, inda rabon gajimare ke ƙaruwa maimakon raguwa. Hujjar ta ƙara ƙarfi ke nan. Amma na rubuta wa kaina: duk tauraron da ke wajen tsakiyar galaksi, a yi hattara da wannan ma'auni.

Duk da haka MWC 137 bai bar ni na huta ba. A 2016 Andrea Mehner da abokanta, da na'urar MUSE, suka nuna wani siririn tsartuwar gas mai tsawon shekarun haske da dama yana fitowa daga wajensa. Irin wannan tsartuwa aikin jarirai ne da ke haɗiyar gas daga faifansu. Kabon ya ce tsoho, tsartuwar ta ce akwai mai ci a wurin. Ra'ayina shi ne na yarda da kabon, domin na san hanyar da ya bi ya zo, kuma ina zargin akwai na biyu a gidan da ba mu gani ba. Zargi ne, haka zan rubuta shi.

2 ga Yuli

Na buɗe bakan infared na HD 50138 da na HD 45677 da sabuwar manhajar. Layin haidurojin na maikiron 2.166 na nan da ƙarfinsa. Hasken ƙura na nan. A inda tudun kabon monoksaid ya kamata ya tsaya, ban ga komai ba a abin da ke hannuna.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Wata uku na yi ina wasa wuƙa saboda waɗannan biyun, ga shi babu abin yankawa. Ma'aunin da ya fi kowane gaskiya bai da bakin magana a kan taurarin da suka fi bukatarsa.

Da na huce sai na ga rashin ma magana ne. Ƙattai irin MWC 137 suna zubar da gas mai yawan da zai yi zobe mai kauri da inuwa. HD 50138 bai kai su nauyi ko haske ba, kuma a nan ne asalin matsalar 'yan FS CMa take: tauraro mai matsakaicin nauyi irin wannan iskarsa ba ta da ƙarfin da za ta tara ƙurar da muke gani. Daga ina ta fito? Amsar da ta fi karɓuwa ita ce zaman biyu, ɗaya na zuba wa ɗaya gas, wani ya tsiyaye ya kewaye su duka. A wasu ƙattai an tabbatar da haka, kamar GG Car da ke zagaye da abokinsa duk kwana 31. Akwai kuma amsa mafi tsanani, cewa biyun sun riga sun haɗe sun zama ɗaya, faifan kuma tarkacen haɗuwar ne. A 2022 Daniela Korčáková da abokanta suka sami maganaɗisu mai ƙarfin gaus kusan 6,200 a IRAS 17449+2320, ɗan wannan rukuni, fiye da ninki dubu goma na maganaɗisun duniya. Haɗuwar taurari na cikin hanyoyin da ake ganin suna haifar da irin wannan.

Idan haka ne, tambayata ta 14 ga Janairu ta yi ƙunci. Na ba tauraro zaɓi biyu, jariri ko tsoho. Wanda ya samu daga haɗuwar biyu fa? Kayan jikinsa tsofaffi ne, shi kuwa sabo.

5 ga Agusta

Na koma ga haramtattun layuka, wannan karo ina bin su shekara bayan shekara maimakon in tara su wuri ɗaya. A HD 50138 layukan haidurojin na sauya fuska cikin kwanaki, na oksijin kuwa sun fi natsuwa, abin da ya dace da cewa daga nesa suke fitowa. Nazarin Grigoris Maravelias da abokansa na 2018 kan ƙattan B[e] ya nuna cewa abin da muke kira faifai sau da yawa zobba ne daban-daban, kuma jerinsu ba iri ɗaya ba ne daga tauraro zuwa tauraro. Zobba na nufin zubarwar ba a jere take ba, lokaci-lokaci take zuwa.

Wannan ya tuna mini da LHA 115-S 65 a Ƙaramin Gajimaren Majelan. An duba shi da na'ura mai kaifi ba a ga kabon monoksaid ba. Bayan wata tara aka sake dubawa, sai ga tudun ya tsaya, kamar yadda Mary Oksala da abokanta suka ruwaito a 2012. Ashe "babu" da na rubuta ranar 2 ga Yuli, "babu a daren da aka ɗauki hoton" ne kawai. Na koma na gyara jadawalin, na sa ranar kowane hoto kusa da kowane "babu".

1 ga Satumba

Ina rubuta takardar neman lokacin kallo. Abu uku nake roƙo. Na farko, sabon bakan maikiron 2.3 mai kaifi na HD 50138 da HD 45677, sau biyu, tsakaninsu wata shida. Na biyu, zangon maikiron 4, inda silikon monoksaid ke da nasa tudun. An same shi a wasu ƙattan B[e] na galaksinmu a 2015, kuma ina so in san ko faifan waɗannan biyun na da wani molekul ko kaɗan. Na uku, layukan ƙarfe masu saurin rabuwa idan akwai maganaɗisu, a kan HD 50138.

Malamina ya karanta daftarin ya ja layi a ƙarƙashin jimlar da na ce kallon zai "tantance" shekarunsu. Ya ce in rubuta abin da zan iya aunawa, in bar abin da nake fata. Na mayar da ita: kallon zai nuna ko akwai zoben molekul, idan akwai kuma zai ba da rabon kabon.

A jadawalina, gaban MWC 137 da MWC 349A na rubuta "ya bar ƙuruciya", da hujjar kabon a gefe. Gaban sauran biyun na rubuta "mai yiwuwa ba jariri ba: babu ƙura mai sanyi, babu gajimaren haihuwa", na bar gurbin kabon a buɗe. Gobe zan lissafa tsawon lokacin da kowane hoto ke bukata, sannan in sake duba cire layukan Pfund na MWC 349A, domin har yanzu akwai wani ɗan tudu kusa da maikiron 2.37 da ban gamsu da shi ba.